Amsoshin Tambayoyinku: An zarge ni da sakaci a bakin aiki

Jama'a masu saurare, assalamu alaikum. Wasiƙarmu ta yau daga Garwa ta fito, daga wata 'yar'uwa ma'aikaciyar jinya da ta roƙi a sakaya sunanta. Ta ce daren da take aikin kwana aka kawo yaro jikinsa zafi rau, ta yi masa allurar da likita ya rubuta, kafin asuba jikin ya rikice. Yaron dai ya tashi, amma iyayen sun kai ƙara cewa ta yi sakaci, kuma ta daka musu tsawa. Yanzu an miƙo mata takardar neman bayani. Ta ce, "A ba ni shawara, kada a raba ni da aikina."

Malama, Allah ya fid da ke. Takardar nan tambaya ce, ba a kai ga hukunci ba tukuna. Sai dai kada ki bari wa'adin da ke jikinta ya wuce. Ki ba da amsa a rubuce, ki ajiye kwafi mai ɗauke da hatimin karɓa.

Abin da na fi jiye miki shi ne littafin aikin dare da karnen yaron, wato ɗan littafinsa na asibiti. Don Allah kada alƙalaminki ya sake taɓa su. Ko kin ga kin manta ba ki rubuta lokacin allurar ba, bar gurbin yadda yake, ki faɗi hakan a amsarki. Mantuwa ana yi wa mutum uzuri a kanta, amma in aka ga sabon tawada a kan tsohon rubutu, ko gaskiyarki ma ba mai sauraronta. Yau ɗin nan ki zauna ki rubuta wa kanki komai: ƙarfe nawa aka kawo shi, me ma'aunin zafi ya nuna, wane magani, nawa, yaushe kika kira likita, wa ke tare da ke a ɗakin.

Game da lasisi kuwa, a Kamaru hukumar ONPMS, wadda dokar 5 ga Disamba 1984 ta tsara, ita ke riƙe da rajistar ma'aikatan jinya da ungozomomi, kuma da ƙa'idojin aiki na 1989 ake auna halin ma'aikaci. Hukuncinta hawa-hawa ne, daga gargaɗi zuwa dakatarwa, soke suna shi ne na ƙarshe, kuma sai an saurare ki. In maganar ta kai can, nemi lauya tun da wuri.

Na san zuciya na tafasa, amma kada ki kare kanki a WhatsApp. Ciwon yaron nan amana ce a hannunki, kuma sashe na 310 na dokar laifuka ya hukunta tona sirrin aiki.

Batun tsawa, in kin san kin yi, ki ɗauki majo, wato shugaban ma'aikatan jinya na sashenku, ku je ki ba iyayen haƙuri, ba zai rage ki da komai ba. Uwar da ke riƙe da ɗanta cikin dare ba ta manta kalmar da aka faɗa mata. Amma duk takardar da aka ce ki sa wa hannu don a kashe magana, ki kai wa lauya ya karanta tukuna.