Injin Corvette Z06: Yadda Aka Samu Ƙarfin Doki 670 Ba Tare da Turbo Ba

Assalamu alaikum masu kallo. Wannan ƙarar da kuka ji, mai siririn kuka kamar ta Ferrari, daga motar Amurka ta fito. Chevrolet Corvette Z06 ce, wadda aka nuna wa duniya a watan Oktoba na 2021, injinta kuma ana kiransa LT6. Silinda takwas ne a jere biyu, lita 5.5, yana ba da ƙarfin doki 670 idan ya kai juyi 8,400 a minti, kuma ba ya tsayawa sai a 8,600. Babu turbo a jikinsa, babu kowace irin na'urar cusa iska. Da kansa yake shaƙar iskarsa.

Mu fara da dalilin da ya sa aka bi wannan hanya. Z06 da ta gabata, ta shekarar 2015, injin lita 6.2 gare ta mai sufacaja, wato na'urar da ke matsa iska ta cusa wa inji, ƙarfin doki 650. A kan titi ba ta da laifi. A filin tsere ne masu ita suka yi ta kukan zafi, domin iskar da aka matse zafi take yi, kuma idan zafin ya taru, kwamfutar motar sai ta rage ƙarfin injin don kada ya lalace. Da aka zo sabuwa, injiniyoyi suka cire sufacajar gaba ɗaya. To, ƙarfin inji daga abu biyu yake fitowa: ƙarfin murɗawa, da saurin juyi. Idan ba za ka cusa iska ka ƙara na farko ba, dole ka nemi na biyu. Duk sauran abin da za ku gani a wannan bidiyon daga wannan shawarar ya samo asali.

Ku dubi kuranshaf ɗin nan guda biyu, wato sandar da ke mayar da hawa da saukar fistin zuwa juyi. Na hagu shi ne wanda aka saba sa wa injin V8 na Amurka. Idan ka leƙa shi daga baki, hannayensa sun yi siffar kuros, kowanne da tazarar digiri 90 da na kusa da shi. Yana tafiya sumul, amma sai an ɗaura masa manyan ƙarafan daidaita nauyi, kuma silindojin da ke gefe guda ba sa tashi da tazara iri ɗaya. Wani lokaci biyu su tashi a jere, wani lokaci a yi jinkiri. Wannan rashin daidaito shi ne ke ba da gurnanin nan da aka san motocin Amurka da shi. Daɗin ji gare shi, amma hayaƙin silinda ɗaya yana cin karo da na ɗan'uwansa a cikin bututu.

Na dama shi ne na LT6, shimfiɗaɗɗe. Hannayensa duka a layi ɗaya suke, digiri 180 tsakaninsu. Tashin wuta yana tafiya hagu, dama, hagu, dama, don haka kowane gefe yana fitar da hayaƙi daidai wa daida, kuma hayaƙin da ya wuce yana jan na bayansa. Silinda ta fi tsabtacewa, ta fi cika da sabuwar iska. Ga shi kuma bai da nauyi, kana taɓa totur allurar juyi ta yi sama.

Amma fa akwai farashi, kuma nan ne aikin ya yi tsanani. Inji mai irin wannan kuranshaf tamkar injina biyu ne masu silinda huɗu-huɗu da aka haɗa, kuma kowane makanike ya san mai silinda huɗu da karkarwa. Dalili shi ne fistin ya fi sauri a rabin tafiyarsa na sama fiye da rabin ƙasa, saboda karkatar da kwanrod ke yi, wato sandar da ke haɗa fistin da kuranshaf. Wannan bambanci yana haifar da girgiza sau biyu a kowane juyi. A V8 mai digiri 90, girgizar gefe biyun tana haɗuwa ta koma jijjiga ta hagu da dama. Gwargwadon girman inji, gwargwadon tsananinta. Shi ya sa Ferrari 458 ta tsaya a lita 4.5, Ford Shelby GT350 kuma a 5.2. Chevrolet ta je 5.5. A gwaje-gwajen farko, girgizar har kwance filtar mai ta yi daga mazauninta, sai da aka sauya zuwa filta mai zama cikin gida a rufe.

Babban maganin shi ne gajarta tafiyar fistin. Faɗin silinda milimita 104.25 ne, amma fistin milimita 80 kawai yake hawa da sauka. Injin Corvette ta yau da kullum, wato LT2, nasa 92 ne. Ku yi lissafin tare da mu. A juyi 8,600, fistin LT6 yana cin kimanin mita 23 a daƙiƙa a matsakaici. Da an bar shi a 92, da ya haura mita 26, kuma a nan ne kwanrod ke fara miƙewa, metal, wato shimfiɗar ƙarfen da kuranshaf ke juyawa a kai, ya fara ci. Sai aka ƙara da rage nauyin duk abin da ke hawa da sauka: kwanrod na titaniyam, fistin na alminiyam da aka buga maimakon a zuba, gajere kuma mara nauyi.

Faɗin silindar ya buɗe wata ƙofar, domin ya ba da wurin manyan bawul guda huɗu a kowace silinda, 32 ke nan gaba ɗaya. Corvette ta daɗe da kamshaf ɗaya a tsakiyar inji, mai tura bawul ta dogayen sanduna. Wannan tsari ƙarami ne, mai araha, amma sandunan suna lanƙwasa idan juyi ya yi yawa, shi ya sa LT2 ke tsayawa a wajen 6,500. LT6 kamshaf huɗu gare shi a sama. A juyi 8,600 kowane bawul yana buɗewa ya rufe kusan sau 72 a daƙiƙa ɗaya. Idan sifirin ya kasa mayar da shi a kan lokaci, bawul ya rage a buɗe, fistin ya taso ya same shi, inji ya tashi aiki. Don haka bawul ɗin shigar iska na titaniyam ne, kowanne da sifirin biyu. Na fitar hayaƙi kuma ramin cikinsa an cika shi da sinadarin sodiyam, wanda ke narkewa idan inji ya yi zafi, yana kai da komo yana kwashe zafi daga kan bawul zuwa jikin sandarsa. An kuma cire abin daidaita tazarar bawul mai aiki da mai, aka sa tsayayyen ƙarfe da ake aunawa tun a masana'anta.

Bangaren iska kuwa, akwai maƙogwaro biyu, wato ƙofofin shigar iska da totur ke buɗewa, kowanne faɗin milimita 87, da ɗakin tara iska ɗaya ga kowane gefe. Tsakanin ɗakunan an sa ƙofofi uku da kwamfuta ke buɗewa da rufewa gwargwadon juyi, don igiyar iskar da ke kai da komo a ciki ta iso bakin bawul daidai lokacin da yake buɗe. Matsin silinda 12.5 ne zuwa 1, don haka fetur mai ƙarancin oktan ba nasa ba ne.

Sai baƙin mai. A mota ta yau da kullum mai yana kwance a kaskon ƙasan inji. Ka sha kwana da gudu, man ya taru gefe guda, famfo ya zuƙi iska, metal ya bushe na 'yan daƙiƙu, kuma hakan ya isa. LT6 ba ya ajiye mai a ƙasa. Famfuna shida ne ke kwashe shi zuwa wani tanki na daban, kuma an raba cikin injin ɗaki-ɗaki, don kada kuranshaf ya riƙa dukan mai yana ɓata ƙarfi. Man da yake sha 5W-50 ne. Sabuwar mota kuma ana lallaɓa ta kilomita 800 na farko kafin a sake mata linzami. Kowane inji mutum ɗaya ne ke haɗa shi da hannu a Bowling Green ta jihar Kentucky, kuma ɗan'uwansa na tsere ya yi aiki a motar C8.R daga 2020 zuwa 2023.

Me aka rasa? Ƙarfin murɗawa. LT6 yana ba da Nm 623 (Newton-mita, ma'aunin ƙarfin murɗawa), kuma sai ya kai juyi 6,300. Tsohuwar mai sufacaja tana ba da 881 tun daga ƙasa. A ganinmu cinikin ya yi riba ga mai shiga filin tsere, amma mai yawo cikin gari zai ji bambancin, domin a giya babba da ƙaramin juyi motar ba ta fizga kamar da. An rage gibin da gajarta giyar ƙarshe a giyabos ɗinta mai giya takwas.

Wanda ke son fizgar kuma, a 2024 aka fito da Corvette ZR1. Tushen injin ɗaya ne, lita 5.5 da shimfiɗaɗɗen kuranshaf, amma an ɗora masa turbo biyu, aka sauke matsin silinda zuwa 9.8 don kada fetur ya kama da kansa kafin fulogi ya ba da wuta. Ƙarfin doki ya koma 1,064 a juyi 7,000, kuma a filin gwaji na Papenburg da ke Jamus ta kai kilomita 375 a awa.