Zoben roba: wanne ya dace da wane aiki

Assalamu alaikum, 'yan'uwa kanikawa. Yau kan ɗan zoben robar nan za mu tsaya, wanda ke hana mai ko ruwa yoyo a mahaɗar inji.

Abin da ke damuna shi ne yadda ake aiken yaro kasuwa da tsohon zobe a tafin hannu, a gwada girma, in ya zo daidai a biya kuɗi a dawo. Girma kaɗai bai isa ba. Yawancinsu baƙaƙe ne, amma ba roba ɗaya ba ce. Kafin ka saya, ka fara sanin abin da zai riƙa taɓa shi.

In baƙin mai ne, ko man gas, ko man haidirolik, ɗauki zoben da aka yi da robar da ake kira NBR. Yana da araha, yana jure zafi har wajen digiri 100 a ma'aunin Celsius. Sai dai don Allah kada a sa shi a birki. Man birki na DOT 3 da DOT 4, robar da ake kira EPDM yake so, haka ma ruwan zafi. Shi kuma EPDM, da zarar ya ji fetur ko baƙin mai sai ya kumbura ya yi laushi har ya fi ƙarfin gurbinsa. Ko giris ɗin da muka saba kada a shafa masa, a nemi na silikon. Inda zafi ya kusa digiri 200, nan ne zoben robar da ake kira Viton ke cin kuɗinsa. Da tsada, amma bai kai tsadar sake kwance inji ba.

To, ajiya fa? A garejinmu za ka ga an rataye zobba a jikin ƙusa, ƙarƙashin kwano, da zafin Afrilu, ga mai walda a gefe. Rataya tana miƙar da su. Rana da wata iska da ake kira ozon, wadda walda da injin da ke juyawa da lantarki ke fitarwa, suna cin NBR tun bai shiga inji ba. Ɗauki ɗaya ka lanƙwasa a gaban haske: in ka ga ƙananan tsage-tsage a bayansa, jefar da shi.

A zuba kowane iri a ledarsa, a rufe bakinta, a rubuta sunan robar da girmanta da ranar saye. A sa cikin akwati, a inuwa, nesa da janareta, kuma a fara amfani da wanda ya fi daɗewa.