Amsoshin Tambayoyinku: Alpaka, Lama da Masaƙan Ƙasar Peru

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake saduwa a filin Amsoshin Tambayoyinku. Yau jakar wasiƙun tamu ta karkata ne zuwa Kudancin Amurka, inda aka yi ta tambayarmu game da wasu dabbobi biyu, alpaka da lama, da saƙar da ake yi da gashinsu.

Takarda ta farko daga wani makiyayi ce a Agadas. Ya ce ya ga hoton wata dabba mai wuyan raƙumi amma babu tozo, wani ya ce masa sunanta lama, wani ya ce alpaka. Shin dabba ɗaya ce mai suna biyu, kuma da gaske dangin raƙumi ce?

To Malam, idonka bai ruɗe ka ba, dangin raƙumi ne. Ƙafarsu yatsu biyu ce da tafi mai laushi, suna tuƙa, kuma in ransu ya ɓaci sukan feso abin da ke cikin tumbinsu. Amma dabbobi biyu ne daban. Mutanen tsaunukan Andes ne suka mayar da su dabbobin gida shekaru wajen 6,000 da suka wuce, lama daga wata dabbar daji mai suna gwanako, alpaka kuma daga bikunya. Lama ita ce babba, takan kai kilo 130 zuwa 200, kunnuwanta dogaye ne a lanƙwashe kamar ayaba, kuma aikinta dako. Tana ɗaukar kilo 25 zuwa 30, in aka wuce mata kima sai ta durƙushe ta ƙi tashi, halin da kai ka sani a wajen raƙumi. Alpaka ba ta cika wuce kilo 80 ba, kunnuwanta gajeru ne masu tsini, kuma don gashinta ake kiwonta. Iri biyu ce: wakaya mai gashi a cunkushe kamar na tunkiyar Turai, wadda ita ta fi yawa nesa ba kusa ba, da suri mai gashi dogo da ke zubowa kamar igiyoyi. Cikinsu yakan kai wata goma sha ɗaya da rabi, ɗa ɗaya suke haifa. Mafi yawan alpakar duniya a Peru take, musamman yankin Puno da Kusko. Naman ma ana shanya shi da gishiri, suna kiransa carki, ɗan'uwan kilishi ke nan.

Sai wata Hajiya daga Kano da aiki zai kai ta Peru, tana so ta ziyarci garken waɗannan dabbobi ta kuma ga masaƙa. Ina za ta nufa, me za ta kiyaye?

Hajiya, birnin Kusko ne mashigarki. A kan hanyar Kusko zuwa Pisac akwai wani wuri mai suna Awana Kancha, inda ake kiwon dabbobin kuma masaƙa ke aiki a gaban baƙi. In koyo kike so na sosai, ki nufi garin Chinchero, kimanin kilomita 30 daga Kusko, mahaifar Nilda Callañaupa, matar da ta kafa cibiyar saƙar gargajiya ta Kusko a 1996. Abin da zai fara kama ki tsawo ne, domin Kusko na kan mita 3,400 daga matakin teku, Chinchero ya ma ɗara haka. Iska ba ta da kauri a can, baƙo yakan yi ciwon kai da haki, don haka ki huta kwana ɗaya ko biyu kafin yawo, ki yawaita shan ruwa. Daga Mayu zuwa Satumba ne raninsu, rana ƙal amma dare da sanyi mai ratsa ƙashi. A cikin garke kada ki tsaya a bayan dabba, tana harbi. Kada ki kai hannu kanta ko fuskarta, ki shafa gefen wuya. In kika ga ta kwantar da kunnuwa baya ta ɗaga haɓa, ki ja da baya, tofi ne ke tafe.

Takarda ta uku ita ce ta fi ɗaukar hankalinmu. Wata dattijuwa ce daga Zariya, jikanta ya rubuta mata. Ta ce ita da kaɗin auduga ta tashi, tana so ta ji yadda masaƙan Peru suke mayar da gashin dabba zare, da kuma inda suke samo jan nan mai haske da ba ya koɗewa.

Inna, ranki ya daɗe, rabin aikin nan yana hannunki tun tuni. Ana yi wa alpaka sausaya sau ɗaya a shekara, galibi wajen watan Nuwamba da damina tasu ta kama, a samu kilo biyu zuwa huɗu. Gashin baya da haƙarƙari shi ne mai kyau, na ƙafafu da ciki kaushi gare shi, a ware shi don igiya da buhu. Wanda ya haɗa su wuri ɗaya zai yi zare mai sukar jiki, kuma babu wankin da zai gyara shi. Matan Chinchero sukan kankare wata saiwa da suke kira sakta a cikin ruwan ɗumi, ta yi kumfa kamar sabulu, su wanke gashin da ita. A nan ne ɗan koyo ke fara ɓarna. Gashin dabba ba auduga ba ne: in aka cuɗa shi da ƙarfi, ko aka tsamo shi daga ruwan zafi aka jefa a na sanyi, sai ya cure ya zama dunƙule ɗaya, ba ya sake warwaruwa. Matsa shi ake yi a hankali, a shanya a inuwa.

Mazarinsu sunansa fushka, na katako ne. Naki mai gululu kina kafa tsininsa a ƙasa ki murza, nasu kuwa a iska yake reto, shi ya sa mace ke kaɗi tana tafe tana kora garke. Gashin alpaka santsi gare shi, ba ya riƙe juna kamar na tunkiya, saboda haka yana son murɗi mai yawa. In murɗin ya gaza, zaren ya zame, mazari ya faɗi ƙasa. Bayan an kaɗa sili ɗaya ta hannun dama, sai a haɗa sili biyu a murɗe su ta hagu, kuma da gangan suke tsananta murɗin har zaren yana nannaɗewa da kansa, domin irin saƙarsu tana gurzar zaren tsaye ƙwarai, mai laushi ba zai kai ƙarshen aiki ba. A ganinmu duk baƙon da ya je koyo ya yi gaggawar hawa masaƙa bai zauna da mazari ba, ya bar jaki yana dukan taiki.

Jan kuwa ƙwaro ne, Inna. Sunansa kocinil, yana manne a jikin wata shuka mai faffaɗan ganye da ƙaya, a lulluɓe da farar hoda kamar an barbaɗa masa gari. In aka murtsuke ɗaya a tafin hannu sai ka ga ja kamar jini, a ɗiga ruwan lemun tsami a kai nan take ya koma ruwan goro. Ana kankaro su a shanya a niƙa, kuma sai an tara wajen 150,000 kafin a cika kilo ɗaya. Ga ma'auni: zare giram 100 yana son alif, wanda ake tace ruwa da shi, giram 10 zuwa 15. A narkar da shi, a jiƙa zaren tukuna, a dafa shi a ciki awa ɗaya. Sannan a sa garin ƙwaron giram 5 zuwa 10 a wata tukunya, a mayar da zaren, a bar shi awa ɗaya a wuta mai sanyi, ruwan yana tururi ba ya tafasa, a sauke ya huce a cikin tukunyar. Alif shi ke ɗaure launin. In babu shi ja ya bi ruwa, in ya yi yawa zaren ya yi danƙo da kaushi. Tukunyar ƙarfe mai tsatsa tana dusashe jan ya koma shanshanbale, kuma in an ɗaure damin zaren tamau, wurin ɗaurin zai fito fari. Rawaya daga furen kolle suke samu, kore daga ganyen cilka. Shuɗi kuwa baba ne, irin wanda marinan Ƙofar Mata suka sani, sai dai su da tsohon fitsari suke tsima shi inda namu ke sa toka.

Wani masaƙi daga Maraɗi ya tambaya ko masaƙarsu irin tamu ce. A'a, Malam. Babu matakin ƙafa. Ana ɗaure gefe ɗaya na wadarin a turke, ɗayan a ƙugun mai saƙa da ɗamara, in ta jingina baya zare ya miƙe, in ta sunkuya ya saki. Zanen ado duk daga zaren tsaye yake fitowa, tana tsince silin da take so da yatsa tana ƙirgawa da ka, tana danne abawa da wani ƙashin ƙafar lama mai tsini da suke kira ruki. Yara mata da siririyar igiya suke farawa, sannan ɗamara, kafin a kai ga mayafin goyo. In ta ja abawa da ƙarfi fiye da kima, bakin ƙyallen sai ya tsuke a tsakiya.

Hajiyarmu ta Kano ta ƙara da tambayar yadda za ta gane kayan gashin alpaka na gaske a kasuwa. Hajiya, rubutun da ke cewa gashin jaririn alpaka ne ba ya nufin an aske jariri, daraja ce ta sirantar gashi. Na gaske yana da sanyi a hannu da ɗan nauyi, na roba ɗumi gare shi, ba nauyi, ga ƙyalli. In mai kaya ya yarda, ki ciro sili ɗaya daga geza ki kusantar da ashana. Gashi zai yi ƙaurin babbaka ya bar toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa zai yi ya dunƙule ya zama baƙin ƙullutu mai tauri.