Shekarun takarda da shekarun jiki, wanne ne naka na gaskiya?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da war haka.

Ran nan anka yi wani ɗaurin aure nan Mabera cikin garin Sakkwato, sai ga mutum biyu sun haɗu bakin masallaci, tare sunka yi firamare, aji guda, kuma shekara guda anka haife su don uwayensu tare sunka yi goyo. Guda ya zo bisa keke, ya sauko ya jingine abinai ya shiga gaisawa da mutane. Gudan kuwa sai da anka kama mai hannu kafin ya fito mota, yana tafiya yana tsayawa yana maida numfashi. Wani yaro cikin masu rabon dabino ya ce ma mai keken "ina kwana yaya", ya juya ya durƙusa har ƙasa ya ce ma na motar "ina kwana baba". Kowa ya fashe da dariya, shi ma baban ya yi, amma duk wanda ya kalle shi ya san yaƙe ne.

To yaron nan bai yi laifi ba, abin da idonai ya gani ya faɗi. Kuma shi ne zancenmu na yau. Kowane mutum shekaru iri biyu gare shi. Akwai na lissafi, wato tun ranar da anka haife ka zuwa yau damina nawa ka gani. Akwai kuma na jiki, wato zuciyarka da ƙodarka da huhunka da jijiyoyinka, nawa sunka ci, nawa ya rage musu ƙarfi.

Na lissafin ai mun san yadda muke da su nan ƙasar. Tsofaffinmu da dama ba su da takardar haihuwa, sai dai ka ji an ce shekarar canjin hannun tuƙi anka haife ni, wato 1972, ko shekarar da anka bar fam da sule anka koma naira, 1973. Mu kuma masu takardar, kar mu tona ma juna asiri, akwai shekarun gida akwai shekarun aiki akwai na ƙwallo, mutum ya tafi ya yi rantsuwa a buga mai hatimi ya dawo ya zama ƙanin ƙaninsa. Takarda tana yarda a rage mata. Gwiwa kuwa ba ta san afidabit ba, ranar da ka zo tashi daga tabarma ita za ta faɗa ma gaskiya.

Ku ɗauki misalin babur biyu, rana guda anka fiddo su kwali, 'yan kabu-kabu biyu sunka saya. Guda yana juye kan lokaci, yana wanke filta, ba ya ɗora ma abin buhu uku na albasa. Gudan sai baƙin mai ya koma kamar kwalta yake tunawa da bakanike. Bayan shekara uku ka kai su kasuwa, takardunsu shekara guda za su nuna, amma dillali ba takarda zai duba ba, tada injin zai yi ya saurara.

To masana ma haka sunka yi, sunka ce bari mu tada injin ɗan Adam mu saurara.

Akwai wani gari ƙasar Niyu Zilan, Dunidin sunansa. Likitoci sunka ɗauki jarirai dubu da 'yan kai da anka haifa can tsakanin 1972 da 1973, lokacin canjin hannunmu ke nan, suna bin su suna auna su tun suna yara har sunka girma. A 2015 anka fitar da sakamakon awon da anka yi musu suna da shekara 38. An duba ƙoda, hanta, huhu, hawan jini, kitsen cikin jini, har dasashi ba a bari ba. Dukkansu 38 a takarda fa. Amma a jiki wasu ba su kai 30 ba, wasu kuwa sun kusa 60. Wasu duk shekara guda ta kalanda jikinsu yana cin kusan uku. Waɗanda jikin nasu ya yi gaba, an tarar ba su iya tsayuwa da ƙafa guda sosai, riƙon hannunsu ba ƙarfi, kuma da anka nuna hotunan fuskokinsu ga ɗaliban da ba su san su ba, su ɗin dai anka nuna anka ce sun fi tsufa. Kun ga yaron dabino ashe bincike ya yi bai sani ba.

Mi ke faruwa can ciki? Abu biyu zan faɗa, ba zan cika ku da turancin likita ba.

Na farko, wanda ya taɓa sayen igiyar guga ta roba ya san in ka yanke ta sai ka ƙona bakin da ashana, in ba haka ba sai ta dinga warwarewa. To zaren gadon da ke cikin ƙwayoyin jikinmu, wanda ake kira DNA, shi ma yana da irin wanga ƙulli a bakinsa, sunansa telomiya. Duk sanda ƙwayar ta rabu biyu don ta sabunta jiki, ƙullin yana ɗan raguwa, har ranar da zai gajarce ƙwayar ta daina rabuwa. Mutum uku sunka samu kyautar Nobel a 2009 kan wanga aiki, cikinsu har da mata biyu, Elizabeth Blackburn da Carol Greider.

Na biyun shi ya fi burge ni. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san baƙi ya san wasali. Baƙaƙen suna nan yadda suke, amma wasalin da ka ɗora shi ke canza yadda za a karanta. DNA ɗinka baƙaƙe ne, da su anka haife ka da su za ka koma. Amma bisa kansu akwai wasu 'yan alamomi da jiki ke ɗorawa yana cirewa, su ke cewa a karanta nan a bar nan. Alamomin nan suna canzawa da shekaru, kuma taba da ƙiba da ciwo suna taɓa su. A 2013 wani masani a Kalifoniya ta Amurka, Steve Horvath, ya gano cewa in ka duba wurare 353 kawai cikin waɗanga alamomi za ka iya faɗin shekarun mutum, kuskuren bai wuce 'yan shekaru kaɗan ba. Alamomin sun zama kamar agogo ke nan, kuma wanda agogon nasa ya yi gaba da shekarunsa na takarda, an ga ya fi zama cikin haɗarin mutuwa da wuri.

Yanzu na san wani zai ce to ina ake wanga awo in je. Tsaya tukuna. Kamfunna a waje suna saida shi da daloli, kuma mutum guda sai ya aika jini sau biyu a ba shi amsa biyu. Abin yana da amfani wajen bincike kan dubban mutane, amma ni a ganina kai da ke Runjin Sambo ko Gidan Dare kuɗinka sun fi amfani wani wuri. Haka masu tallan maganin maida tsoho yaro a Facebook da TikTok, wallahi har yau ba wani ƙwaya ko garin magani da anka tabbatar yana maida agogon mutum baya. Ka riƙe kuɗinka.

Sai maganar gado. Muna yawan cewa ai gidansu suna daɗewa, kakansa ma sai da ya haura 90. Akwai gaskiya ciki amma ba ta kai yadda muke zato ba. A ƙasar Denmak an bi tarihin tagwaye dubbai, waɗanda anka haifa ƙarshen ƙarni na 19, anka kwatanta shekarun da kowane ya yi. Abin da anka samu, gado bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba na bambancin tsawon rai tsakanin mutane. Sauran ukun yana ga abin da ka ci, abin da ka shaƙa, aikin da kake yi, inda ka zauna, ciwon da ya same ka da ko ka samu magani.

Kuma kafin a yi min caa, na sani, ajali na Allah ne, ba mai ƙara ma kansa daƙiƙa. Amma ai da wanga imani muke sa gidan sauro, da shi muke duba hanya kafin mu tsallaka titi. Kuma mu anka ce ma mu ribaci lafiya kafin ciwo, ƙuruciya kafin tsufa. Ba adadin kawai ake magana ba, ana maganar shekara goman ƙarshe, shin da ƙafarka za ka je masallaci ko sai an ɗauke ka.

Wani abin da ke ruɗa mutane, in anka ce matsakaicin tsawon rai a Najeriya wajen shekara 54 ne, Japan kuwa ya haura 80, sai mai 50 ya fara rubuta wasiyya. Ba haka lissafin yake ba. Jariri ya rasu yana shekara 1, wani tsoho ya kai 99, ka haɗa ka raba biyu, 50. Mutuwar yara ƙanana, zazzaɓin cizon sauro, gudawa, ƙyanda, da matan da ke rasuwa wajen haihuwa, su ke jan lambar ƙasa. Wanda ya tsallake ƙuruciya yana iya nisa. Ai nan jihar muna da shaida, Alhaji Shehu Shagari an haife shi 1925 ya rasu Disamba 2018 yana da 93.

To mi ke tsofar da jiki da sauri? Taba ce gaba. A Ingila tun 1951 anka fara bin likitocinsu da kansu, shekara 50 ana bi. Masu shan sigari sun rasa kusan shekara 10 a kan marasa sha. Amma ga inda daɗin yake, wanda ya bari yana 30 kusan duka goman ya tsira da su, mai 40 ya samu wajen 9, mai 50 wajen 6, ko mai 60 ya samu 3. Samari masu shisha kuma kar ku ce ai tamu ta bi ta ruwa, ruwan ba ya tace komai na kirki, ƙamshin tuffa ne kawai ke rufe ku. Hayaƙin itace da uwayenmu ke shaƙa kullum cikin madafa marar taga, shi ma huhu ba ya bambanta shi da na taba sosai, in da hali a fito da murhun fili.

Sai zama. A Landan an kwatanta direbobin bas mai hawa biyu da kwandastocinsu, an buga sakamakon 1953. Mota guda, hanya guda, amma direba na zaune wuni, kwandasta na hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Ciwon zuciya ya fi kama direbobin nesa ba kusa ba. Mu yanzu daga ƙofar gida zuwa mai shayi sai an hau babur. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 ta ce a sati, tafiya mai ɗan sauri, wato rabin awa sau biyar. Na san zafin garin nan, watan Afrilu ya haura digiri 40 ba mai cewa ka fita da azahar, amma bayan asuba fa? Kuma kar a fahimce ni baibai, wahala ba motsa jiki ba ce. Wanda ke wuni fadama cikin rana ba isasshen ruwa, dare ya yi ya haɗiye haɗin maganin gajiya daga kemis, shi ma ƙodarsa yake tsofarwa. Magungunan ciwon jiki in anka maida su abincin kullum suna cin ƙoda da ciki.

Barci awa bakwai ake so ga babba, lemun kwalba da shayi mai cokali biyar na suga a rage, wanga kowa ya sani ba sai na ja ba.

Inda nake son in tsaya shi ne hawan jini, don shi ne ɓarawon da ba ya taka sawu. Ba ya ciwo. Mutum na yawo da shi shekara da shekaru yana jin garau, alhali yana ta busar da jijiyoyi yana gajiyar da zuciya yana lalata ƙoda, sai rana guda a ce wane ya faɗi banɗaki ɓarin jiki ya shanye, a fara zargin iska ko sammu. Gishiri kuma shi ke hura mai wuta. Abin da anka ce kar babba ya wuce a yini gram 5 ne, ƙaramin cokalin shayi bai cika ba, kuma lissafin ya haɗa da na cikin dunƙulen magi da yajin tsire da kilishi, ba wanda ka barbaɗa kawai ba. Ku leƙa tukunyar gidanku yau ku ƙirga dunƙule nawa ke shiga miya guda.

Ni kaina da nake wagga magana, bara na raka wani kawuna awo, ma'aikaciyar ta gama da shi ta ce malam kai ma kawo hannun. Na ce haba ni lafiyata lau, ko ciwon kai ba na yi. Ta ɗaura abin ya matse ya saki, ta kalli allon ta kalle ni, ta ce zauna ka huta minti biyar mu sake. Munka sake. Kawu mai shekara kusan 70 nasa ya fi nawa kyau. Hanyar gida bai ce min komai ba sai da munka zo sauka, ya ce "ɗana, in kama maka hannu?"

In za ka auna, ka zauna ka huta tukuna, kar ka sha shayi ko goro ko taba dab da awon, hannun bisa tebur daidai ƙirji, kar ka yi surutu. In ya kai 140 bisa 90 ko ya wuce, ka sake wata rana, in ya maimaita ka ga likita. In anka ɗora ka kan magani ba a barinsa don ka ji sauƙi, sauƙin ai maganin ne ya kawo shi. Ana aunawa a asibitin sha-ka-tafi na unguwa da kemis da yawa, minti biyu ne.

Mai keken Mabera dai na tambaye shi ko ya taɓa aunawa, ya ce a'a, shi bai taɓa kwanciya asibiti ba. Na ce to kai ma ba ka tsira ba, Talata in zan koma nawa awon zan biyo in ɗauke ka. Ya ce sai dai in biyo shi, shi bisa keke zai tafi.