Laburaren Linux a kan Windows, da adaftar Habu

Habu: Jama'a, barkanmu da warhaka. Tun ranar Asabar guruf ɗinmu bai huta ba. Wani ɗalibi daga Tudun Wada ya ɗauko laburare, wato tarin kod da manhajoji ke amfani da shi, wanda aka rubuta da yaren C don Linux, ya so ya haɗa shi a Windows, abu ya ce bai san zancen ba. Kowa sai cewa yake a sa Cygwin. Yaya Sadiya, haka ne?

Sadiya: Haka ne, kuma ba haka ba ne. Laburaren nan yana magana ne da ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsaren dangin Unix irin su Linux ke bi, Windows kuwa nata kiraye-kirayen daban. Cygwin, wanda aka fara a kamfanin Cygnus a 1995, fayil guda yake dasawa a tsakani, cygwin1.dll. Laburare ya yi kira irin na Unix, shi kuma ya juya shi zuwa na Windows.

Nura: Wato adafta. Filogi mai ƙafa uku, soket mai ido biyu.

Sadiya: Kusan haka.

Nura: In dai ba irin ta Habu ba ce.

Habu: Kai Nura, ka bar maganar nan.

Nura: Ina zan bari? Mutum ya je har Kasuwar Barci ya sayo adafta, sai ya tokare ta da tsinken ashana kafin ta kawo wuta.

Habu: Tana aiki dai ko ba ta yi?

Nura: Tana yi, in ba wanda ya yi tari a ɗakin.

Habu: Da ita ka yi cajin wayarka ɗazu, mara godiya.

Nura: Shi ya sa har yanzu ban motsa daga kujerar nan ba.

Sadiya: Ku tsaya mana. Inda gizo ke saƙar shi ne fork. A Unix manhaja tana iya tsaga kanta biyu, uwa da ɗa, nan take, don kernel, wato zuciyar tsarin, ba ya kwafe ma'adanar uwar sai an zo rubutu a cikinta. Windows ba ta ba masu rubuta manhaja wannan. CreateProcess take da shi, wanda sabon aiki yake tayarwa daga tushe. To dole Cygwin ya tayar da sabon, sannan ya kwashe kayan uwar ya zuba wa ɗan. Shi ya sa configure, wanda ke duba kwamfutar kafin a haɗa manhaja, ke jan ƙafa a can, har ka sha shayi ka dawo bai gama ba. Ga kuma ƙananan abubuwa masu cin rai. Linux ya ɗauki Data.txt da data.txt fayil biyu, Windows a yadda ta saba ta ce ɗaya ne. Ƙarshen layi ma, a Linux alama ɗaya, a Windows biyu. Soket na intanet, wato ƙofar da manhaja ke aika bayanai ta ciki, a Windows sai ka kira WSAStartup tukuna, kuma da closesocket ake rufe shi.

Habu: To Git Bash ɗin da muke buɗewa kullum a Windows don buga umarnin Unix fa?

Sadiya: A kan MSYS2 yake, shi kuma daga Cygwin aka tsago shi. Kana amfani da abin ba ka sani ba. Microsoft da kansu sun gwada fassarar nan a WSL na farko, tsarinsu na gudanar da manhajojin Linux a cikin Windows, a 2016. Da suka zo WSL 2 sai suka haƙura, suka sa kernel ɗin Linux na gaske a cikin ƙaramar na'urar kwaikwayo. Wine da ke yin akasin aikin, wato gudanar da manhajojin Windows a Linux, tun 1993 ake fama, sai 2008 aka fitar da 1.0.

Nura: Shekara 15! Adaftar Habu ma...

Sadiya: Nura. Ni a ganina, in laburaren naka ne, ka tattara duk abin da ya shafi tsarin kwamfuta wuri ɗaya. Haka laburaren libuv ya yi wa Node.js, kowane tsari da hanyarsa ta jiran bayanai: epoll a Linux, kqueue a macOS, IOCP a Windows, sauran kod ɗin bai ma san inda yake ba. Ɗalibin nan ya fara duba ko laburaren yana kiran fork. In ba ya yi, MinGW, wanda ke haɗa kod kai tsaye don Windows, na iya isar sa, ba sai ya yi ta yawo da dll ɗin Cygwin ba.

Habu: Mun ce za mu rufe da batun lasisi...

Nura: Ga shi an kira Magariba, kuma Kawo zan koma.

Habu: To sai mako mai zuwa. Nura, ajiye min adaftata.