Gwanjo a Waya: Kafin Ka Ɗora Kayanka na Farko

Murja: Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da warhaka. Daga nan birnin Dikko muke zuwa muku. Ni ce Murja, ga Malam Sada, ga kuma ƙanenmu Mannir. Yau maganar gwanjo za mu yi, amma na waya, wanda mutum zai ɗora kaya a intanet masu saye su yi ta tayawa har lokaci ya cika. Saƙonni sun yi yawa a kan wannan, galibi daga matasa da matan aure masu sana'a a cikin gida. Malam, bismillah.

Sada: Barka kadai Hajiya Murja. Kin san ni a kasuwa na tashi, dillanci gadonsa na yi. Abin da nake so a fara riƙewa shi ne, talla daban, gwanjo daban. In ka sa waya a Jiji ko Facebook Marketplace, ka rubuta kuɗi, mutum ya kira ka ku yi ciniki, in tayinsa bai yi maka ba sai ka ce albarka. A gwanjo babu cewa albarka. Ranar da ka rubuta kuɗin farawa, ranar ka sallama.

Murja: Ko da mutum ɗaya ne ya taya?

Sada: Ko da shi kaɗai ne. Lokaci na cika, kaya sun zama nasa.

Mannir: Haka yake a eBay, wanda shi ne babban gidan wannan harka. Wani bawan Allah mai suna Pierre Omidyar ne ya kafa shi a Amurka a 1995, da farko ma AuctionWeb ake ce masa. Cikin abubuwan farko da aka sayar akwai wata 'yar fitilar leza da ta lalace, ta tafi a kan dala 14.83. Kai mai kaya za ka zaɓi kwanakin da gwanjon zai yi, 1, 3, 5, 7 ko 10. Mai saye kuma yakan rubuta iyakar abin da zai iya biya a ɓoye, na'ura ta riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan duk lokacin da wani ya wuce shi. Shi ya sa za ka ga kaya sun kwana biyar ba motsi, sai a daƙiƙun ƙarshe kuɗi ya yi tsalle.

Murja: To mu da muke Katsina, Mannir, wannan eBay ɗin namu ne?

Mannir: Anti, kafin a ɗauki hoto ko ɗaya a fara duba hanyar da kuɗi zai iso hannu. Lokacin da PayPal, kamfanin biyan kuɗi ta intanet, ya shigo Nijeriya a 2014, damar biya kawai ya ba mu, ban da karɓa, kuma wannan ya daɗe yana hana mutanenmu sayarwa waje. eBay yana biyan masu sayarwa na ƙasashe da dama ta Payoneer, wani kamfanin tura kuɗi ta intanet, ana neman katin shaida da asusun banki mai sunanka. In wurin rajista abin bai wuce ba, a tsaya nan, kada a ari sunan wani ko adireshin ƙarya, don ranar da aka gano za a rufe asusun da kuɗinka a ciki. Amma gaskiya gwanjon da ya fi kusa da mu shi ne na zaurukan WhatsApp da na kai-tsaye a TikTok da Facebook. Atamfa, leshi, jakunkuna, wayoyi, tantabaru, har raguna in Babbar Sallah ta matso.

Murja: Ni ma ina cikin wani zaure na mata. Ana ɗora turmi bayan la'asar, a ce za a rufe ƙarfe tara na dare. To nawa ya kamata sabuwar shiga ta fara sawa?

Mannir: Ni a ganina ta fara da ƙasa sosai. Kuɗi kaɗan shi ke jawo ido. Mutum biyu suka fara ja-in-ja a kan abu, babu mai son a kayar da shi, sai ki ga ya wuce abin da take tsammani.

Sada: A nan ne ban yarda da kai ba, Mannir. Wannan dabarar ta mai jama'a ce. Wanda aka sani, mutum ɗari na jiran ya ɗora kaya, shi zai iya farawa da naira ɗaya ya kwana lafiya. Sabon shiga wa ya san shi? Akuya ce ka kai kasuwar Mai'adua ranar da ba ta ci ba, wanda ka tarar shi zai yanka maka farashi. Bari in ba da misali. Yarinya ta sari jaka a kan 12,000. Mai zaure yana karɓar la'ada, a ce 1,000. Leda da kwali da salatif 500. Mai Keke Napep zuwa tasha da dawowa 1,000. Kafin ta ci ko kwabo, jakar nan ta tsaya mata 14,500. In ta fara da 5,000 don jawo ido, mutum biyu suka leƙo, aka rufe a 9,000, wa zai cika mata?

Mannir: Amma Malam a eBay akwai farashin ɓoye da za ka ajiye, in tayi bai kai shi ba ba a sayar ba.

Sada: Akwai, kuma biya ake yi a sa shi, ko an saya ko ba a saya ba. Sannan su ma suna cire nasu kason, wajen kashi 13 cikin 100 a yawancin kaya, kuma har da kuɗin aike ake lissafawa. Ni shawarata ɗaya ce, ka zauna da biro da takarda, ka fitar da kuɗin da in aka tsaya a kansa ba za ka kwana da ɓacin rai ba. Shi za ka rubuta. In ka yi suna, sai ka gwada dabarar Mannir.

Mannir: Na karɓi wannan ga mai farawa. Sai dai in ƙara, kafin ka yanke, duba nawa aka sayar da irin kayan a baya. Abin da aka biya za ka duba, don kowa na iya rubuta kuɗin da ransa ke so.

Murja: Ga wata tambaya da wata baiwar Allah ta turo daga Daura. Ta ce in ta ga tayi ya tsaya, laifi ne ta sa ƙanwarta ta taya don kuɗin ya motsa?

Sada: Laifi ne babba, kuma ina roƙonta ta bari. Shi gwanjo kansa halal ne. Ya zo a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ɗaga shimfiɗa da ƙoƙon sha na wani mabuƙaci, wani ya taya dirhami ɗaya, ya nemi mai ƙari, aka sayar a dirhami biyu. Amma ya hana najashu, wato ka taya abin da ba ka da niyyar saye don ka ruɗi wani ya ƙara. Bukhari da Muslim duk sun kawo hanin. Wannan ƙarin da ya shigo ta hannun ƙanwarki, kuɗin mutum ne kika ci da yaudara. Kuma a kasuwa ba ya ɓoyuwa. Mata a zaure suna lura da lambar da kullum take tayawa ba ta taɓa ɗauka ba.

Mannir: eBay ma ya haramta shi, suna rufe asusu a kansa.

Murja: Madalla. Ni kuma bari in yi maganar hoto, don nan ne nake ganin mata na cutar kansu. Ki shimfiɗa farin zanen gado kusa da taga da hantsi, ki kashe fitilar waya, ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi. Ki ɗauki gaba, ki ɗauki baya, ki buɗe ciki. In zif yana cijewa ko akwai tabo a gindin jaka, ki matso da waya ki ɗauke shi shi kaɗai, ki rubuta a ƙasa. Ban da ƙara wa hoto kala. Shuɗi ya koma kore a hannun mai saye, rigima ce har gaban mai zaure.

Sada: Wanda ya ga aibi ya taya, ba shi da bakin magana daga baya.

Mannir: Sai biyan kuɗi. Mutum zai turo maka hoton rasit, ya bi ka da kira, wai direba zai tashi, ka yi sauri. Kada ka kalli hoton, kada ka kalli saƙon tes. Buɗe manhajar bankinka, ko OPay ne ko Moniepoint, ka ga kuɗin sun zauna a asusu. Sannan ka naɗe kaya, ka rubuta suna da lamba da alƙalamin maka a jikin kwali, ka ɗauki hotonsa a hannun direba tare da lambar mota, ka tura wa mai saye. Tun wurin ɗorawa kuma a faɗi wanda zai biya kuɗin mota.

Murja: In waje za a aika fa?

Mannir: A je a tambayi kuɗin aike tun kafin a sa farashi. Kamfanoni irin DHL suna auna nauyi, suna kuma auna girman kwali, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita a raba da 5,000, wanda ya fi yawa shi za a caje ka. Tumtum na fata in ka aika shi da cushe, kuɗin iska za ka biya. Zare cushen, ninke fatar.

Sada: Tunda an zo fata, a kiyaye. Ta akuya da ta tunkiya da dukawanmu ke aiki da su ba matsala. Fatar kada da ta mesa akwai yarjejeniyar CITES a kansu, wato ta ƙasashen duniya kan cinikin namun daji, sai da takardar izini. Hauren giwa kuwa eBay ya hana shi tun 2009. Haka tsoffin kayan gado, takobin kaka, tsohon littafi na rubutun hannu, dokar 1979 ta hana fitar da kayan tarihi sai da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Ni ko da izini ma ba na son in ga sun bar gida.

Murja: Wani kuma ya tambayi gwanjon Kwastam.

Mannir: Wancan hukuma ce ke sayar da kayan da ta kama, mu masu saye ne a can. Sun fara na intanet a 2017, suka sabunta shi a 2024. A shafinsu ake yi, don haka duk wanda ya ce maka a Facebook shi jami'i ne, ka turo kuɗi ya ware maka mota, ka rabu da shi.

Murja: To lokaci ya cim mana. Mako mai zuwa za mu zauna a kan wanda ya ci gwanjo ya ƙi biya, da abin da mai zaure ya kamata ya yi masa. Malam Sada, Mannir, na gode. Masu saurare, a ci gaba da turo tambayoyi. Sai mun sake haɗuwa, in Allah ya kai mu.