Jawabin Maraba ga Mai Girma Sanata daga Iyaye da Malaman Zangon Agege

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranka ya daɗe, barka da zuwa, sannu da hanya, sannu da cunkoson Legas. Alherinka ya riga ka isowa, ba sai mun tsaya lissafi ba. Buƙatarmu guda ce, kuma za mu faɗe ta tun yanzu: ɗakin karatun yamma domin yaranmu.

Zangon nan ba jiya aka kafa shi ba. Kakanninmu fatake suka sauke kaya a nan, su kawo shanu su koma da goro, kuma da layin dogo ya isa Kano a 1911 sai Agege ta ƙara cika ta batse. Har gobe nama da albasa da tumatirin da Legas ke ci ta hannunmu suke bi, haraji kuwa ba mu taɓa fashin biya ba. Duk da haka filin da yara ke buga ƙwallo ya koma shaguna, takardar kokenmu ta shiga ofis sau uku, shiru kake ji. Yaron da ba shi da fili, gida ɗaki ɗaya ne, ina zai nufa in ba waya ba?

Ga abin da malamai ke gani. TikTok da Facebook da Instagram sun sa shekara 13 a matsayin ƙa'ida, amma yaro sai ya ƙara wa kansa shekaru ya shige. Data ta fi araha da tsakar dare, don haka nan ake raba dare ana kallo, alhali matashi na buƙatar barcin awa 8 zuwa 10. Asuba ta wuce shi, a aji sai gyangyaɗi. Tun da ChatGPT, manhajar da ke rubuta amsar tambayar da aka yi mata, ya fito a ƙarshen 2022, aikin gida na zuwa tsaf, amma ka ce yaro ya maimaita da baki, sai ya yi tsuru-tsuru. Abin da ya fi tayar mana da hankali, wasu na tambayar wannan manhaja game da hadisi, ita kuwa jera kalmomi take yi bisa abin da ya fi kama da daidai, tana iya ƙirƙiro ruwaya har da lambarta. Ga kuma jarrabawar JAMB da kwamfuta ake rubuta ta, yaranmu babban yatsa kawai suka iya sarrafawa.

Mun fara namu. Wayoyi na kwana wurin iyaye daga ƙarfe 9 na dare, muna sa Family Link, manhajar da iyaye ke lura da wayar yara da ita, a wayar ƙanana, ɗan shekara 2 zuwa 4 ba ya wuce awa ɗaya a rana yana kallon waya ko talabijin kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarta a 2019. Sai dai in ka karɓe wayar yaro, dole ka ba shi wurin zuwa.

Shi ya sa muke roƙo, ranka ya daɗe: ɗaki mai cin yara 60, kwamfutoci 20 masu tacen intanet, sola da batir saboda ɗaukewar wuta, akwatin ajiye waya a bakin ƙofa, da albashin malamai biyu, mace da namiji, na shekara guda. Kujeru da tsaro da shara namu ne. In duka ba za su samu yanzu ba, a fara da ɗakin. Takardar kiyasin kuɗi na hannun sakatarenmu, muna fatan ba za ka tashi ba sai da ita.

Allah ya ƙara girma, ya mai da kai gida lafiya.